Kaboyi da dala 6,000: amsa ga wani ƙanenmu a New Mexico

Wani ƙanenmu da ke karatu a Albuquerque, jihar New Mexico ta Amurka, ya aiko mini da tambaya. Ya tara dala 6,000 daga aikin da yake yi bayan an tashi daga aji. Yana da abokai biyar da suka yi alkawarin tsaya masa, da kyamarar aro, da hutun kwana uku. Ya rubuta labarin kaboyi shafi 22: akwai dambe a mashaya, akwai 'yan fashi shida a kan dawakai suna bin karusa, a ƙarshe kuma a yi ruwan harsashi a tsakiyar gari. Yana so ya san ta inda zai fara, kuma ko masu kallo za su yarda da baƙar fata a matsayin jarumin kaboyi, domin shi da kansa yake son fitowa.

Ƙanena, na karanta labarinka har sau biyu, kuma gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu kafin ka zubar da kuɗin guminka. Wannan rubutun ba zai yiwu da dala 6,000 ba. Dawakai shidan nan kaɗai, da masu kula da su, da motar da za ta kawo su, da takardar inshorar da mai fili zai nema kafin ya buɗe maka ƙofa, sun lashe kuɗin tun ba a kunna kyamara ba. Amma a shafi na 9 akwai wata fitowa da ka rubuta kamar ta wucewa: jaruminka ya iso bakin rijiyar wata mata da mijinta ya rasu, da sirdi a kafaɗa saboda dokinsa ya mutu a hanya, ita kuma ta tsaya da bindiga ta ce ruwan nan da kuɗi ake sha. Nan fim ɗinka yake. Sauran shafukan abin da ka gani ne a fina-finan wasu. Wannan shafi ɗaya da rabin kuwa daga kanka ya fito, kuma shi ne kaɗai wurin da na ji ina son sanin abin da zai biyo baya.

Kada ka ga kamar na rage maka buri. Shi kansa fim ɗin kaboyi a gajere aka haife shi. The Great Train Robbery na 1903, wanda Edwin S. Porter ya yi wa kamfanin Edison, wajen minti 12 ne, kuma a New Jersey aka ɗauke shi, can gabashin ƙasar, nesa da inda labarin ke nufi. Sergio Leone ma da ya yi A Fistful of Dollars a 1964, a Sifaniya ya yi, wani ɓangare kusa da Madrid, wani a yankin Almeriya, da kuɗi wajen dala 200,000. Jarumin fim ɗin, Clint Eastwood, 15,000 ya karɓa. Leone ya ɗauki tsarin Techniscope ne saboda rabin zaren fim yake ci in aka gwada da sauran tsare-tsaren faffaɗan hoto. Mai kiɗan fim ɗin, Ennio Morricone, ba shi da kuɗin tara babbar ƙungiyar makaɗa, sai ya koma ga fito da ƙarar bulala da jita da muryoyin maza. Yawancin abin da ake koya muku yau a aji da sunan salon Leone, rashin kuɗi ne ya tilasta shi.

Akwai kuma darasi na biyu a wannan fim ɗin, wanda ya shafe ka kai tsaye. Leone ya kwashi labarinsa ne daga Yojimbo na Akira Kurosawa, na 1961, ba tare da izini ba. Kamfanin Toho na Japan ya tayar da ƙara, aka sasanta a kan kashi 15 cikin ɗari na abin da fim ɗin ya samo, kuma bai shiga sinimomin Amurka ba sai 1967. Harbe-harbenka na ƙarshe ya yi kama da wani fim da na sani, kai ma ka san shi. Cire shi.

Abin da ke mayar da fim kaboyi shi ne nisa. Mutum na tsaye a fili, alƙali na can tafiyar kwana uku a kan doki, likita ma haka, maƙwabci mafi kusa sai dai ka hangi hayaƙinsa, kuma dole ya yanke shawara kafin rana ta faɗi. In ka samu wannan, ko babu mashaya babu karusa ka yi kaboyi. Zamanin da ake ta yi wa fina-finan nan ma bai daɗe ba. Kora garken shanu daga Texas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a Kansas ya fara a 1867, kafin 1890 ya mutu. A 1862 gwamnati ta yi dokar ba duk wanda ya zauna ya noma fili na shekara biyar eka 160. A 1874 Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya, aka fara shinge filin da a da kowa ke kiwo a cikinsa. Rigingimun wancan lokaci galibi a kan ciyawa da shinge da ruwa suke. A ƙasa irin ta New Mexico, eka 160 da babu ruwa a cikinta kufai ce. Saboda haka matar da ke gadin rijiya da bindiga ta fi 'yan fashin karusa kusa da gaskiyar tarihi. Mutumin da ke ɗauke da sirdi ma daidai ne: kaboyi ɗan ƙwadago ne, dawakan da yake hawa sau da yawa na ubangidansa ne, sirdin ne dukiyarsa. In suka ce wane ya sayar da sirdinsa, suna nufin ya ƙare. To ka ga abin da matar za ta nema a bakin ruwanta. Ba shi da ko sisi, ƙishirwa na neman kashe shi, ita kuma tana da doki ɗaya a turke, sirdin mijinta an sace. Ka zauna ka rubuta wannan a shafi takwas. Shafi ɗaya na rubutun fim kamar minti ɗaya ne a allo.

Game da tsayuwar mutum biyu a titi kowa hannunsa kan kube, irinta kaɗan ce ta faru a zahiri. Wadda aka fi tabbatarwa ita ce ta Wild Bill Hickok da Davis Tutt a dandalin Springfield, jihar Missouri, ranar 21 ga Yuli 1865. Bashin caca ne. Tutt ya riƙe agogon aljihun Hickok a matsayin jingina, Hickok ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya fito da shi bainar jama'a, shi kuwa ya rataya shi ya fito. Tsakaninsu kusan mita 70, kowa ya yi harbi ɗaya, Tutt ya faɗi. Faɗan O.K. Corral na Tombstone a Oktoban 1881, wanda aka yi wa fina-finai masu tsawon awa biyu, daƙiƙa 30 ne, mutum uku suka mutu. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne agogon. Mai kallo agogon zai zuba wa ido, da fuskar mutumin da aka ci wa mutunci a gaban mutane. Harbin daƙiƙa ɗaya ne. A fim ɗinka sirdin nan shi ne agogon.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda na ji ta a raina, domin mu da muka taso muna kallon kaboyi a sinimomin Kano ba mu taɓa ganin mai irin fatarmu a kan doki ba. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu kora shanun nan baƙaƙe ne, da yawansu bayin da aka 'yanta bayan yaƙin basasa. Wasu da yawa kuma 'yan Meziko ne, kuma daga wurinsu aka koyi sana'ar baki ɗaya, har sirdin da igiyar. Bass Reeves a cikin bauta aka haife shi a Arkansas a 1838, ya zama mataimakin mashal na tarayya a 1875 a ƙarƙashin alƙali Isaac Parker na Fort Smith, ya yi shekara 32 yana kamo masu laifi. A jihar da kake zaune, rundunar dawaki ta 9 ta baƙaƙen sojoji ta yi aiki daga 1875 zuwa 1881. Kusa da Roswell an yi wani ƙauye mai suna Blackdom, wanda baƙaƙen manoma suka kafa a farkon shekarun 1900, fari da ƙarancin ruwa suka watse shi a shekarun 1920. Tuƙin awa uku ne daga inda kake. Hollywood ce ta share waɗannan mutane daga hoto. Ka hau abinka, kuma kada ka sa wani a fim ɗin ya tsaya yana bayanin dalilin da ya sa kake baƙi.

Abu ɗaya zan roƙe ka. A shafi na 14 ka sa 'yan asalin ƙasar sun kawo hari, ba su da suna ba su da magana. Ƙasar da za ka kafa kyamara a kanta tasu ce. A 1864 sojoji suka tasa dubban 'yan Navajo a ƙafa zuwa Bosque Redondo, nan cikin New Mexico, mutane da yawa suka mutu a hanya da can, ba a bar su sun koma gida ba sai 1868. Jikokinsu suna ajinku. Ko dai ka rubuta mutum cikakke tare da shawararsu, ko ka bar su.

Ka ma san an riga ka daga gida. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier, minti 34, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Djingarey Maïga da Zalika Souley na cikin 'yan wasan. Alassane ya gane cewa hula da kube kayan aro ne, sai ya gina labarin a kan abin da kayan aro ke yi wa mai sanye da su. Nemi fim ɗin ka kalla kafin ka sake rubutu.

Sai maganar bindiga, kuma a nan ba shawara nake ba ka ba, sharaɗi ne. Ka ce abokinka yana da libarba ta gaske ta kakansa, za ku sa mata harsashin da babu dalma a ciki, albarushi kawai. Kada bindigar nan ta zo wurin ɗaukarku, ko a cikin mota. Tafiyar awa ɗaya daga ɗakinka, a Bonanza Creek Ranch kusa da Santa Fe, ranar 21 ga Oktoba 2021, ana gwajin wata fitowa ta fim ɗin kaboyi mai suna Rust, libarbar da ke hannun Alec Baldwin ta tashi da harsashin gaske a ciki. Ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, tana da shekara 42, ya raunata darakta Joel Souza. A wurin akwai wadda aka ɗauka musamman don kula da makamai, kuma a 2024 kotu ta ɗaure ta wata 18. Waɗannan suna da ma'aikata da kuɗi da dokoki a rubuce. Kai kana da abokai biyar da ba su taɓa yi ba. Shi harsashin da babu dalmar ma yana kisa. A 1984 Jon-Erik Hexum ya ɗora irinsa a gefen kansa yana wasa, ƙarfin iskar ya fasa masa ƙashin kai, ya mutu bayan kwana shida. A 1993 Brandon Lee ya mutu saboda wani kan harsashi ya maƙale a bututun bindiga ba a lura ba, albarushin da aka sa daga baya ya turo shi. Duk wanda ya ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ka ce masa wannan ba tsautsayi ba ne in an san hanyar kauce masa.

Sayi ta kwaikwayo, ta ƙarfe, wadda ba a yi ta don ta ɗauki harsashi ba. Kamfanin Denix na Sifaniya na yin irin Colt ta 1873 da doguwar Winchester, nauyinsu a hannu kamar na gaske. Mutum ɗaya ne zai riƙa ajiye ta, kuma duk lokacin da za a miƙa wa ɗan wasa sai an nuna wa kowa cikinta. Wuta da hayaƙi a kwamfuta za ka ƙara. Ka tuna albarushin wancan zamani baƙi ne mai farin hayaƙi mai kauri, wanda ke tsayawa a iska, kuma da rana tsaka wutar bakin bindiga da ƙyar ake ganinta. Hayaƙin da girgizar hannun ɗan wasa su ne ke sa a yarda. Da ni ne ma ba zan nuna harbin ba. Kyamara na kan guga yana komawa cikin rijiya, igiya na zamewa, sai a ji ƙara. Sannan ka je ofishin sherif, shugaban 'yan sandan gundumar, kafin ranar, ka ba su kwanan wata da wurin a rubuce, ka kafa allo a bakin hanya cewa fim ake yi. Kai baƙi ne riƙe da abin da ya yi kama da bindiga a filin Allah a Amurka. Mai wucewa ɗaya ya buga waya, ka san sauran.

Doki kuwa, ɗaya ya ishe ka, na rabin yini, kuma mai shi ya zo da shi ya tsaya a wurin. Bari in ba ka abin da na gani da idona. A wani gajeren fim da na riƙe wa kyamara a kudancin Arizona, muna da wata jar goɗiya mai sanyin hali, mai ita ya ce har jikokinsa na hawanta. Da la'asar yaron da ke riƙe da allon haske ya juya shi don ya haska fuskar jarumi, hasken ya faɗa idonta. Ta cikin kyamara na ga kunnuwanta sun kwanta baya, fatar wuyanta ta yi rawa, kafin in buɗe baki ta yi gefe da tsalle ɗaya. Jarumin ya faɗo a kan hannunsa, ya karye a wuyan hannu. Asibiti mafi kusa tafiyar awa ɗaya da rabi ce a hanyar burji. Ba mu koma ba sai bayan wata biyu, lokacin ciyawar wurin ta canja launi, rabin abin da muka ɗauka da farko bai haɗu da na biyun ba. Tun daga ranar, duk abin da zai matso kusa da doki sai na bari ya shinshina shi tukuna: allon haske, sandar makirfo da gashin da ake sa mata, har ƙafar kyamara. Jirgi marar matuƙi kuwa ba ya tashi in doki na wurin. Kada kowa ya tsaya daidai bayansa, nan ne ba ya gani.

Ko ka taɓa hawan sallah a gida, ka je ka yi darasi biyu ko uku a kan wannan dokin da wannan sirdin, domin zamansa daban ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai kallo na gane wanda bai saba ba tun daga yadda yake sa ƙafa a likkafa. Ba sukuwa, ba faɗuwa. An tunkuɗa doki daga kan dutse zuwa cikin ruwa don fim ɗin Jesse James na 1939, ya mutu, hayaniyar da ta biyo baya ce ta sa ƙungiyar American Humane ta fara sa ido a wuraren ɗaukar fim a 1940. Labarinka ma ba ya bukatar komai daga dokin sai ya tsaya a turke yana kaɗa wutsiya, sannan a ƙarshe wani ya hau shi ya tafi a hankali. Wane ne zai hau, kai za ka yanke.

Wuri shi ne rabin hotonka, kuma a nan ka fi Leone sa'a, kana zaune a tsakiyar abin da ya je Sifaniya nema. Kada ka yi hayar garin fim. Nemi makiyayi mai tsohuwar rijiya ko famfon iska da ɗaki ɗaya na ƙasa, ka je da kanka ka gaishe shi, ka faɗa masa ku nawa ne da motoci nawa, ku rubuta yarjejeniya. In filin gwamnatin tarayya ne ka tambayi ofishin da ke kula da shi tun da wuri. Monument Valley da darakta John Ford ya yi suna da ita tun Stagecoach na 1939 ƙasar Navajo ce, izini a wurinsu yake. Je ka wurin sau biyu kafin ranar, da sassafe da kuma la'asar, ka zauna shiru na minti goma ka saurara. Akwai babbar hanya kusa? Jirage na wucewa? Ka juya ko'ina ka nemi turakun lantarki. Oktoba ya fi. Daga Maris zuwa Mayu iskar New Mexico ba ta barin magana ta shiga makirfo, a Yuli da Agusta kuma hadari na haɗuwa da yamma, busasshen kwari ya cika da ruwa cikin mintuna. Ruwan sha aƙalla lita huɗu ga kowane mutum a yini, da inuwa, da takalma masu rufi saboda macizai.

Ranar ɗauka, fara da hoton nesa kafin kowa ya taka wurin. Sawun takalmin zamani da na tayar mota a cikin yashi ba sa gogewa. Hotunan nesa na safiya ne da la'asar, lokacin da rana ke kwance, inuwa ta yi tsawo, ƙasa ta nuna tudu da kwarinta. Rana tsaka ta hoton fuska ce, a ƙarƙashin farin ƙyalle da aka ɗaure sama don ya tausasa hasken. Hular kaboyi na jefa idanu cikin duhu, kuma fim ɗin kaboyi idanu ne, saboda haka allon haske daga ƙasa dole ne. Sa rana a bayan 'yan wasa duk inda ya yiwu, ƙura ma a nan take fitowa da kyau. Steven Spielberg ya sha ba da labarin yadda John Ford ya koya masa tun yana yaro cewa layin da sama ta haɗu da ƙasa ya kasance can sama ko can ƙasa a hoto, kada ya raba shi biyu. Kyamarar aron da kake da ita ta isa. Abin da za ka nema shi ne gilashin rage haske na gaban lens, da ƙafa mai nauyi da iska ba za ta girgiza ba. In za a canja lens, a shiga mota a rufe ƙofa.

Inda ƙananan fina-finai ke mutuwa shi ne sauti, kuma mutum ɗaya da zan ce lallai ka biya shi kuɗi cikakke shi ne mai ɗaukar sauti. Mai kallo na yafe hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin magana ya tafi. Rage maganar tun a rubutu. Mutumin da ya yi kwana biyu bai sha ruwa ba ba ya dogon jawabi. Da an gama kowace fitowa, ka sa 'yan wasan biyu a cikin mota, a rufe gilasai, su maimaita maganganunsu sau uku yadda suka faɗa a fili, tun abin na bakinsu. Cikin mota ba ya amsa-kuwwa, kuma wannan minti biyar ɗin ya sha ceto na a ɗakin tacewa. Fina-finan Leone ma duk daga baya aka ɗora musu murya. Sannan ka ba mai sautin awa ɗaya shi kaɗai, kowa ya yi tsit: kukan fatar sirdi in an ajiye shi, ƙarar ƙaimi, igiya a bakin rijiya, guga na bugun ruwa can ƙasa, ƙuda, numfashin doki, iska a jikin waya mai ƙaya. Buɗewar Once Upon a Time in the West na 1968 ta haura minti goma babu kiɗa, sai kukan famfon iska da ɗigon ruwa da ƙuda. A fim ɗinka, ƙarar ruwan da mutumin ke ji amma ba zai iya sha ba ta fi kowane kiɗa. In kana son kiɗan, kada ka taɓa na Morricone, yana da masu shi, kuma babu bikin da zai karɓe ka da shi. Nemi ɗalibi ɗaya mai banjo. Asalin banjo kayan kiɗan tsirkiya ne na Afirka ta Yamma da bayi suka ƙera irinsu a can, da ganinsa ka ga ɗan'uwan gurmi, kuma ya dace da hannun jaruminka.

Sutura daga gwanjo za ka haɗa, amma sai ka wahalar da ita. Jiƙa riga a ruwan shayi, goge gwiwa da gwiwar hannu da sanfefa, shanya ta a rana mako guda, ka sa ta ka yi aiki har gumi ya zana layi a jikin hular. Ba zif, ba maɓallin ƙarfe mai ɗanawa, ba takalmi mai tafin roba. Wandon Levi's bai samu madaukan bel ba sai 1922, kafin nan da igiyar kafaɗa ake riƙe shi. Kuben nan da ke rataye can ƙasa a cinya ƙirƙirar masu fim ce, mutanen lokacin a ƙugu suke ɗaurawa. Cire agogo tun mako biyu kafin ranar don shaidarsa ta ɓace daga hannunka. Leɓɓanka su bushe, su tsage.

Shafi uku a yini shi ne abin da za ku iya a fili, kwana ukunka sun yi daidai da shafi takwas, da ɗan sarari a yammacin ranar ƙarshe don abin da ya lalace. Tun da kai ne a gaban kyamara, zaɓi ɗaya cikin abokanka wanda ba ya jin nauyin ce maka a sake. Kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ka ɓoye shi don aikin bayan ɗauka: haɗa sauti, gyaran launi, kuɗin shiga bukukuwa. Kashi ɗaya cikin goma kuma kada ka taɓa sai ta ɓaci. Mutanen da ba ka biya ba ka ciyar da su abinci mai zafi, a kan lokaci. Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka a ma'aji biyu, su kwana a wurare daban. Manhajar DaVinci Resolve kyauta ce, ta isa tacewa da launi.

Kada fim ɗin ya wuce minti goma. Masu Oscar na kiran duk abin da bai haura minti 40 ba gajeren fim, amma gasar gajerun fina-finai ta Cannes minti 15 ce iyakarta, kuma mai tsara biki ya fi samun gurbin da zai cusa na minti tara. A Tabernas, cikin saharar da Leone ya yi aiki, ana bikin fina-finan kaboyi zalla duk shekara tun 2011, kuma suna karɓar gajeru. Kada ka ɗora shi a YouTube kafin ka gama zagayen bukukuwa, wasunsu ba sa karɓar abin da ya riga ya fita.

In ka gama shafuka takwas ɗin ka aiko mini, tare da hoton rijiyar guda biyu, ɗaya da ƙarfe bakwai na safe, ɗaya da ƙarfe biyar na yamma, ka tsaya a wuri ɗaya ka ɗauke su. Ka kuma rubuta mini sunan matar, da shekara nawa ta yi tana gadin ruwan nan ita kaɗai, domin a rubutunka na yanzu ba ka ba ta ko ɗaya ba.